Taken Nababa Mai Molo

A shekarun da Turawa suka fara yawo a ƙasar nan, ba wanda zai sauka Lafiya ya kwana biyu bai ji molon Nababa ba. Mutumin Arikya ne, siriri, ba ya son yawan magana, ga saurin fushi. Ya koyi kiɗa a hannun wani tsoho mai suna Baballe, sannan ya shigo gari da molonsa mai tsirkiya uku da buzun zama. Fataken gishirin Keana, da manoman doya, da mahauta, kowa da takensa a yatsun Nababa. In ya hango ka tafe, kafin ka yi sallama ya saki naka, sai ka ji tafiyarka ta canja ko da yunwa kake ji.

Shi ma yana da take. Baballe ne ya yi masa ranar da ya sallame shi. To amma a gidan Baballe akwai al'ada: makaɗi ba ya kaɗa takensa da hannunsa. Abin kunya ne, kamar mace ta yi wa kanta guɗa. Sai dai malaminsa ya kaɗa masa, ko wanda ya koya a hannunsa. Baballe bai daɗe ba ya rasu. Tun daga nan Nababa bai sake jin takensa ba, kuma ba abin da yake roƙon Allah kamar ya ji shi kafin ya mutu.

Shi ya sa ya riƙi koyarwa da zafi. Ba ya bayani da baki. Zai zaunar da kai a buzu, ya ɗora maka molo a cinya, ya koma bayanka yana buga kiɗan da yatsu a jikinka: kafaɗar dama babbar tsirkiya, ta hagu ƙarama, gadon baya ta tsakiya. In ka kuskure, ranƙwashi. Kai, Nababa ya ranƙwashi mutane! Takensa kuwa shi ne darasin ƙarshe, ba ya bayarwa sai hannu ya nuna.

Wa zai iya jira? Ɗanladi ya koyi na biki ya gudu. Lawal ya kusa kaiwa, sai ya kama karatu ya ce ya bar kiɗa. Ƙasimu ne kaɗai ya jure, wani magidanci mai sanyin hali da ke noma a bayan gari. Wata damina Nababa ya buga masa taken a baya har ya zauna masa.

"Baba, in kaɗa maka yanzu?" in ji Ƙasimu.

"A nan? Ni da kai da kaji?" Nababa ya ɗaure fuska. "Je ka gona ka yi ta gyara shi inda ba zan ji ba. Sai an yi kaka, jama'a sun taru, sannan ka kaɗa mini shi yadda ya kamata."

Matarsa Sailuba ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, ka bari ya kaɗa mana. Wa ya ba ka tabbacin kaka?" Ya daka mata tsawa, ta koma ciki. Wallahi da ya ji maganarta.

Kafin dawa ta nuna aka zo ɗibar maza aikin hanyar jirgin ƙasa, aka haɗa da Ƙasimu. Daga can aka ce ya bi leburori haƙar kuza a ƙasar Jos, daga baya ma iyalinsa suka bi shi. Kaka ta zo, jama'a sun taru, Nababa ya kaɗa wa kowa takensa ya naɗe buzu ya koma gida.

Shekaru suka yi ta wucewa. Sailuba ta rasu, ba su da ɗa a raye. Sannan kunne ya fara tafiya. Da farko kiran salla ne ya yi masa nisa, daga baya har kukan jirgin da ke tayar da gari ya daina isa gare shi. Bai daina kiɗa ba, yana ɗaure tsirkiya da ka, molon na fitar da abin da ya ga dama. Ba wanda ya iya gaya masa, sai dai mutane suka riƙa canja hanya. Ranar da ya saki taken wani mahauci ya ga mutumin ya sunkuyar da kai ya wuce da sauri, ya gane. Ya rataye molon a ɗaki. Daga nan sai zaman ƙofar gida, yana kallon bakunan mutane suna motsi. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai.

Wata rana da hantsi wani mai furfura ya tsuguna a gabansa. Nababa ya daɗe yana dubansa kafin ya ce, "Ƙasimu?" Da hannu Ƙasimu ya nuna masa cewa ta'aziyya ce ta kawo shi garin Assakio, ya biyo ta Lafiya, gobe zai bi jirgi ya koma. Bai ɓata lokaci ba, ya shiga ɗaki ya sauko da molon, ya kakkaɓe shi, ya gyara tsirkiya, ya zauna ya fara. Maƙwabta suka fito, wata tsohuwa har da guɗa.

Nababa ya zuba wa yatsun ido. Ya ga suna gudu, ya ga tsirkiya na rawa. Ya karkato kunnen dama, ya juya na hagu.

"Shi ne?" ya tambaya da ƙarfi irin na kurame. "Ƙasimu, shi ne kake kaɗawa?"

Ƙasimu ya tsaya. Ya dubi maƙwabta, suka kau da kai. Sai ya ajiye molon a buzu, ya zagaya bayan tsohon ya durƙusa, ya ɗora yatsu a kan ƙasusuwan kafaɗarsa. Dama, dama, tsakiya, hagu. Nababa ya miƙe zaune. Ya rufe ido, hawaye na bin gemunsa, har aka kai ƙarshe.

Mutane suna jiran ya ce an yi sauri ko an kuskure, don sun san halinsa.

"Jirginka sai gobe, ko?" in ji Nababa, bai buɗe ido ba. "To, sake."