Hasken da Na Ƙara wa Murjanin Yaya

Yayana ya yi shekaru da yawa yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Legas. Da ya yi ritaya ya dawo Gumel, cikin kayansa akwai akwatin gilashi, da jarkokin ruwan gishiri, da ƙananan kifaye biyu, da wasu abubuwa masu rassa da ya ce murjani ne. Mu murjanin da muka sani shi ne wanda mata ke ratayawa a wuya. Ba mu taɓa jin yana da rai ba, balle a ce yana buɗewa da safe kamar fure.

Riƙon wannan abu a garinmu wahala ce. Da bazara Yaya yakan kunna wa akwatin fanka, ya riƙa jefa ƙanƙara a ƙulle cikin leda don ruwan ya huce. Ya jure duk wannan, har ranar da wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona fitilar da ya zo da ita. Ni gyaran rediyo da fitilun sola nake yi, don haka ya kira ni.

Wata Alhamis na je kasuwar Maigatari na sayo ƙananan ƙwayayen fitila na LED, shuɗaye da farare. Na jera su a kan falankin alminiyam, na haɗa da batirin sola, na sa maɓallin ƙara haske irin na muryar rediyo. Da na kunna na ce aiki ya ƙare. Yaya ya ce tukuna. Ya ɗauko wata 'yar mita ta auna ƙarfin haske, ya naɗe idonta da farar leda, ya ɗaure da roba. Ya sa ni na riƙa zura ta cikin ruwan, sama, tsakiya, ƙasa, shi kuma yana rubuta lambobin a littafi. Mun kai la'asar muna yi.

"Yaya, ai ido ma ya isa," na ce. "Wannan hasken ya yi duhu."

"A idonka ne ya yi duhu," in ji shi. "Shuɗin haske haka yake, kana ganinsa kamar ba ƙarfi, alhali su yana dukansu sosai. Ko mitar nan ba ta gama ganinsa, sai na yi mata ƙari a lissafi."

Da lambar ta zo daidai yadda yake so, sai ya ɗiga jan fenti a jikin maɓallin, ya ce kada ya wuce nan.

Bayan watanni ciwon suga ya taɓa masa ƙafa, aka kwantar da shi a asibiti a Kano. Matarsa ta bi shi jinya, aka bar mini akwatin. A satin farko surukanmu suka zo daga Gagarawa gaisuwa, na shigar da su su ga abin mamaki. Wani dattijo ya leƙa ya ce shi bai ga komai ba sai shuɗi. Na ji kunya, tunda ni na haɗa fitilar. Na murɗa maɓallin har ƙarshe, na sassauto igiyar fitilar ta matso kusa da ruwa. Akwatin ya haskaka, kowa ya yaba, ni ma ya yi mini kyau. Sai na bar shi haka. Mitar tana nan a kan taga, ban taɓa ta ba.

Kwana huɗu murjanin ya daina buɗewa. Na ɗauka hasken ne bai ishe shi ba, na ƙara jeri ɗaya na fararen ƙwayaye. Kafin sati biyu rassan sun koɗe, sun yi fari fat kamar ƙashi. A nan na gane hasken ne ya yi musu yawa. Na cire ƙarin, na ɗaga fitilar, na mai da maɓallin kan jan ɗigon, amma lokaci ya ƙure.

Yaya ya dawo yana dogara sanda. Ya zauna gaban akwatin, ya duba rassan. Sannan ya ce in miƙo mitar. Muka auna sama, tsakiya, ƙasa, lambobin suka zo daidai da na littafinsa.

"Fitilarka lafiya lau take," ya ce. "Ka yi ƙoƙari. Laifina ne da na kawo su ƙasar da ba tasu ba."

Na ce, "Zafin gari ne, Yaya." Abin da ya fito daga bakina ke nan.

Ya ƙara shekara biyu a duniya. Kifayen suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ya zubar da ruwan. Kusan kullum ina zuwa gaishe shi, muna hirar komai, ban faɗa masa ba.

Sai bayan sadakar arba'in na faɗa wa matarsa. Tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago kai ba. Ta ce wani abokinsa na Legas ya yi waya sau biyu yana cewa zai aiko masa da sababbin rassan murjani a motar kaya, Yaya ya ƙi, ya ce ba zai sake kashe su da hannunsa ba.

"Da ka faɗa masa," ta ce, "faɗa zai yi maka na kwana ɗaya, ya ce a aiko."