Sifirin Ɗin Maƙeri

Ban sayi mota don ina bukatarta ba, na saya ne saboda maƙwabcina. Gara in faɗi gaskiya tunda furfura ta riga ta cika kai. Malamin makaranta ne, Kirista, gidansa jikin namu a Tudun Wada. Yana da wata 'yar baƙar mota, kuma duk Talata shi ke kai Innata asibiti a Wusasa saboda ciwon baya da ya hana ta sakat. In sun dawo, tun daga zaure take yabo: "Motar Malam kamar kana kan tabarma! Ko ruwa ka riƙe a ƙwarya ba zai zube ba." Ni da ta haifa ina tsaye riƙe da keke. Wallahi kishi nake yi, ba ɗan kaɗan ba.

Lokacin Turawa sun fara ɗaure kayansu, sai wani Bature a kamfanin audugar da nake akawu ya sayar mini da tasa. Na kawo ta na ajiye gefen ta Malam. Sai me? Tawa ta sha jiki, bayanta ya zauna ƙasa, tasa kuwa tsaye ƙyam. Mai teburin goro na ƙofar gidanmu ya leƙo ya ce, "Akawu, motar taka zaman tahiya take yi ne?" Aka kwashe da dariya. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Malam ya zo har da shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashinta. Ya ce sifirin ne ya gaji, wato fallayen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota a kan ƙafafunta. Ya ce in yi haƙuri wata guda ya rubuta a aiko irin nata, in ya iso mu ja igiya mu daidaita ƙafafun gaba. Na ce na gode. A raina kuwa na ce, kai, wannan mutum! Ya karɓe mini uwa, motar tawa ma sai ya koya mini?

Na tafi wurin wani maƙeri a bayan kasuwa, mai ƙera garma, wanda direbobin manyan motoci ke kai wa gyara. Ya jawo tsohon sifirin babbar mota, ya yanka, ya sa a wuta, ya ƙara mini falle uku kowane gefe. Sandar da ke haɗa ƙafafun gaba kuma ya ba ta guduma biyu, ya ce shi idonsa ne ma'auninsa. Mota ta miƙe, ta fi ta Malam tsawo da taƙi guda. Na dawo ina hura hanci, mai goro ya kama bakinsa.

Malam ya dafa bayanta da hannu biyu ya danna, ko motsi ba ta yi ba. Ya ce, "Akawu, wannan ta ɗaukar buhunan gyaɗa ce. Don Allah kada ka sa Inna a ciki." Ni kuwa hassada kawai na ji a maganarsa.

Talata ta zo. Na ce, "Inna, yau ni zan kai ki." Ta dubi Malam, ya sunkuyar da kai, ta shiga tawa.

Hanyar nan gargada ce tun daga fita unguwa. Duk ramin da muka faɗa sai motar ta yi tsalle kamar jakin da aka tsikara, sitiyari na fizgata hagu, haƙorana na haɗuwa. Na duba madubi, na ga Inna ta ciji gefen mayafinta, hannuwanta biyu danne da kujera. Na ce, "Inna, lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau. Tuƙa abinka, Allah ya yi maka albarka." Da muka isa ta kasa fitowa, sai ma'aikata biyu suka ɗauke ta cak. Kwananta goma sha biyu a kwance a can. Ranar sallama da ƙafata na je na roƙi Malam ya ɗauko ta.

Tare da Malam muka cire ƙarafan maƙerin. Sabon sifirin da ya rubuta a aiko ya iso, ya ja igiyarsa ya daidaita ƙafafun. Na cika ƙwarya da ruwa na ɗora a kujerar baya, na zaga har Hanwa na dawo, ko ɗigo bai zuba ba. Na kai wa Inna ƙwaryar ɗakinta. Ta yi murmushi ta ce, "Madalla. Sai Talata ke nan." Amma ciwon bayan nan bai sake barin ta ta kai ko zaure ba, har ta rasu da damina.

Ranar sadakar uku Malam ya zauna kusa da ni, idonsa jawur. Ya ce ana gobe zan kai ta, ya shiga ya gaya mata gaskiya, motar za ta ji mata ciwo. Ta ce masa, "Na sani, Malam. Amma in na wuce tasa na shiga taka a gaban mutane, yaron nan ba zai ƙara ɗaga kai a unguwa ba."

Na yi kuka kamar ba namiji ba. Kuma Allah ya gani, cikin kukan ma akwai kishi. Har wannan maganar, shi ta faɗa wa, ba ni ba.