Rumbun da Na Gina wa Inna

A tsakiyar shekarun 1970 ina koyarwa a wata firamare a Gusau, kuma a lokacin ba ni da wata cuta da ta wuce ganin na fi kowa sani. Ina da keke, ina da rediyo, ina da biro biyu a aljihun gaba. Duk abin da na karanta sau ɗaya, a wurina na gama iya shi.

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, tsohon rumbun gidanmu na wani ƙauye kusa da Kwatarkwashi ya zube. Rumbun laka ne, irin wanda muke kira ruhewa. Geron da Inna za ta ci har kaka ta zagayo yana jibge a gona, ba wurin zuba shi. Ƙanenta, Kawu, magini ne, shi ke gina wa rabin ƙauyen, kuma ya riga ya ce zai zo. Ni kuwa sai na sauka daga mota da wani ɗan littafi da wani malamin gona ya ba ni, mai zane-zane, an rubuta komai dalla-dalla da Hausa.

Littafin bai yi ƙarya ko ɗaya ba, wannan dole in faɗa. Ya ce a jera duwatsu a ƙasa saboda gara da danshi, na jera. Ya ce a cuɗa laka da ciyawa a bar ta ta kwana biyu tana ruɓewa, na bari. Ya ce a ɗora zagaye ɗaya, a jira ya sha iska, sannan a ɗora wani, kaurin bango kuma ya zama ɗaya ko'ina. Nan ne aka bar ni a baya. Idona ya san abin da ake nufi da kauri ɗaya, hannuna bai sani ba. In na matsa nan sai can ya kumbura, in na gyara can sai nan ya sirance.

Rana ta huɗu Kawu ya biyo. Ya zagaya ginin, ya sa tafi ciki da waje yana shafa bangon, bai ko dube shi sosai ba.

"Ɗana, gehen gabas ya yi sirara," ya ce. "Ba ya ɗaukar ruwa. Bari mu kwance zagaye ukku in taya ka."

Akwai mutane a wurin, shi ya sa raina ya ɓaci. Na zaro littafin na karanta masa shafi guda da ƙarfi, da irin muryar da nake yi wa 'yan aji biyu. Na rufe da cewa zamani ya canza.

"To, Malam," ya ce. Bai taɓa kira na Malam ba sai ran nan. Ya saɓa rigarsa ya tafi.

Da ginin ya bushe, tsaga ta fito a gefen gabas, daidai inda ya shafa, siririya kamar zare, daga wuya har ciki. Na gan ta da idona. Maimakon in taka zuwa gidan Kawu, wanda bai fi tafiyar shan ruwa ba, sai na kwaɓa laka na shafe ta sumul, na ɗora jinka, aka zuba gero. Inna ta yi ta sa mini albarka gaban maƙwabta. Na karɓe ba kunya, na koma Gusau.

Ruwanmu daga gabas yake bugowa. Duk damina ya yi ta bin tsagar nan a hankali. Ba wanda ya aiko mini da komai. Sai da marka ta kama, lokacin da abinci ke ƙarewa a kowane gida, na zo hutu na tarar an shanya gero a tabarmi tsakar gida, baƙi ƙirin, ya yi fumfuna, wani ma ya tsira. Warinsa ya cika gidan. Inna ta ce wai ita ce ta cika rumbun fiye da kima. Na san ba haka ba ne, ta kuma san na sani.

Da yamma aka kawo mini tuwo fari tas a akushi. Daga baya na ji daga gidan Kawu Inna ta auno dawar, da ƙafarta ta je da ƙwarya. Na ci na ƙoshi, na ɗauki akushin da kaina na kai madafa. Nan na same ta zaune a kan turmi da ƙaramin kwano a cinya, tuwon ciki launin toka. Ta yi sauri za ta rufe, na riga ta sa hannu. Ɗaci da warin ruɓa suka cika mini baki, na kasa haɗiyewa, na kasa tofarwa a gabanta.

Ta janye kwanon a hankali.

"Aje, ɗan nan," ta ce. "Kai ba ka saba ba. Ni wata biyu ke nan ina ci."