Tukunya Mai Jan Zare

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Ban-ruwa ya yi a rumfar sarin furanni, yana shayar da shuke-shuken tukwane kafin masu shaguna su zo ɗauka. Abokan aikinsa sun shaida cewa da yatsa yake gwada danshin ƙasa, ba da ido ba.

Tukunya ɗaya ce ba ta sayarwa ba, domin furen cikinta 'yarsa ce ta dasa shi wata biyu kafin rasuwarta. Ya ɗaura wa tukunyar jan zare, kowa kuma ya san ma'anarsa.

Wata rana da ya tafi asibiti, aka turo sabon direban ɗaukar kaya daga wata rumfa, inda jan zare ke nufin an riga an saya. Ya loda tukunyar tare da sauran, ya kai shaguna.

Mako uku Baba yana bin shaguna yana cigiya. A na ƙarshe, mai shagon ta ce, "Haba Baba, irinsa ɗari sun fita ta hannuna. Zaɓi wani, kyauta."

Ya tsoma yatsa a wata tukunya da ke gabansa, ya ce mata, "'Yata, wannan ƙishi take ji." Ya shayar da ita, ya fita bai ɗauki komai ba.