Tireman Magagi

Magagi ya yi shekaru yana dako a kasuwar Akkara ta ƙasar Gana, ya dawo Filinge ta ƙasar Kurfai da jakar leda da kalma guda ta Ingilishi. Wai wata rana ƙasa ta ɗan motsa a can, kwanuka suka yi ƙara, wani akawu ya ce masa sunan abin tirema. Akawun ya ƙara masa da cewa Turawan Ingilishi a bakin Faransawa suka tsince ta, su kuma daga tsohon harshen Rumawa, inda take nufin makyarkyata irin ta mai zazzaɓi.

Shi ke nan Kurfai ta shiga uku. A wurin suna sai ya kawo kalmar, a zaman makoki ma bai bar mutane sun yi addu'a cikin natsuwa ba. Mutumin da ko sunansa ba ya iya rubutawa, ya zama malamin Rumawa a rumfar mai shayi. Haushinsa guda ne: ƙasar garinsu ta ƙi motsi, balle a gaskata shi.

Ana gab da damina, lokacin da kowane magidanci ke leƙa ƙarƙashin rumbunsa ya sake itacen da ya ruɓe, sai rumbun Magagi ya karkace. Cikinsa kuwa duk geron da gidan zai ci har kaka. Matarsa Saratu ta ce, "Malam, gara ta ka cin itacen ga. Ka kira mutane a kwashe hatsin."

Ina! Magagi murna ta kama shi. "Ke mi kinka sani? Tirema ta! Ƙasa ta ka motsi." Maƙwabcinsa Hamidu ya zo da itace zai taya shi gyara, Magagi ya hana, wai kada a ɓata shaida. Har mutane yake jawowa daga kasuwa su ga karkatar.

Ruwan farko ya sauko da ƙarfi, rumbun ya kife cikin taɓo. Magagi ya fito yana bin maƙwabta da tambaya, "Kun ji ta? Kun ji motsin?"

Saratu tana durƙushe a cikin laka tana tsamo zangarniya ɗaya ɗaya. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Yara sun ce in tambaye ka, Malam, mi Rumawa ka ci da damina?"