Sunan da Ban Kira Ba

Arewa da ƙauyenmu, in ka bar gonakin Wagini a baya ka yi tafiya daga asuba zuwa hantsi, ƙasa takan canza. Jar ƙasa ta ƙare, rairayi ya fara, itatuwa su gajarce, sai aduwa da dakwara da kaba nan da can. Mu hamada muke ce wa wurin, ko da yake fataken da suka taɓa zuwa Agadas sukan yi mana dariya, su ce ko ƙofarta ba mu gani ba.

Kowane rani, bayan hatsi ya shiga rumbu, gidanmu kan fita can mu yi kwana uku ko huɗu a bukkar da muke haɗawa. Mahaifiyata, Inna, tana yankan kaba don saƙar tabarma. Matata tana taya ta, tana tsintar goruba. Ni kuwa ƙaro nake nema a jikin dakwara, don a lokacin ina ɗaukar karatu wurin wani malami, ina kwafar littafin fikihu da ya ara mini, tawada kuma ba ta zama a takarda sai da ƙaro mai kyau.

A shekarar da nake magana, 'yarmu ta fari tana da shekara biyar, ƙanenta yana goye. Ba wanda ya kai ta son wurin nan. Takan hau tudun rairayi ta zauna ta sulalo, ta koma ta sake, har zanenta ya cika da yashi. Takan bi sawun ƙadangare da na buzuzu, ta zo inda nake zaune da takarduna ta ja mini hannun riga.

"Baba, zo ka karanta. Shi ma ya yi rubutu."

Nakan je in duba, in ce da ita rubutun bai da wasali, in dawo wurin zamana. Ban taɓa ɗaukarta a kafaɗa ba. Ban kuma taɓa kiran sunanta ba, uwarta ma ba ta taɓa kira ba. 'Yar fari ce, kunyarta muke ji kamar yadda iyayenmu suka ji ta nasu. In za mu kira ta, sai mu ce "ke," ko "yarinyar nan." Ni da nake da nauyin baki tun asali, al'adar ta zo mini daidai, har na fi kowa riƙe ta. Inna kaɗai ke kiran sunan, tana jan ƙarshensa kamar waƙa.

Zamanin ba na kwanciyar hankali ba ne. Mahara kan sauko daga arewa su kwashi dabbobi, wani lokaci har da yara. Don haka ranar da muka isa, Inna ta zaunar da jikarta ta yi mata gargaɗi a gabanmu.

"'Yar tsohuwa, saurara. In kika hangi baƙi a kan doki ko raƙumi, ki shige cikin kaba ki kwanta. Kada ki yi tari, kada ki amsa wa kowa. Mahari ma ya iya cewa ke. Sai kin ji an kira sunanki za ki fito."

"In kunama ta zo fa?"

"Ki ce mata Inna ta hana motsi."

Yarinyar ta yi dariya, mu ma muka yi. Na ji maganar da kunnena, ban kuwa tsaya na auna ta ba, ni da nake auna kowane harafi kafin in ɗora alƙalami.

A rana ta uku ruwanmu ya kusa ƙarewa. Inna ta ɗora salkuna a kan jaki bayan sallar asuba ta nufi rijiyar makiyaya, mai nisa ƙwarai, don ita ce ta saba da matan rugar. Da hantsi ina kankare ƙaro, sai ga Buzaye uku a kan raƙuma. Ba mahara ba ne, masu gishiri ne da suka rabu da ayarinsu. Muka gaisa, na nuna musu hanya, suka wuce. Da na koma bukka, matata ta tambaye ni ina yarinyar nan. Ta ɗauka tana wurina, ni na ɗauka tana wurinta.

Nan take na gane ɓuya ta yi, hankalina bai ma tashi ba. Na tsaya a kan tudun da take sulala na ce, "Ke! Fito, sun tafi." Shiru. Na bi sawunta, ya kai ni wani fako inda ƙafa ba ta barin alama. Daga nan kaba ce ta ko'ina, gungu-gungu, duk kamarsu ɗaya.

Muka rabu, ni gabas, ita yamma da goyo a baya, kowa yana cewa "ke." Rana ta hau. Rairayi ya yi zafin da nake jinsa ta cikin takalmi. Muka sake haɗuwa a gindin wata aduwa, fuskar matata duk ta jiƙe.

"Malam, ka kira ta mana."

"Ai kiran nake."

"Ka san abin da nake nufi."

"To ke ki kira. Ta fi sanin muryarki."

"Ni? A gabanka?" Ta sunkuyar da kai ta gyara goyo.

Ba kowa a dajin nan sai mu biyu da jariri. Babu suruki, babu maƙwabci, babu wanda zai kai labari gari. Sau biyu na buɗe baki, sunan ya zo har kan harshena, sai in ji kamar zan tuɓe riga a kasuwa. Na ce wa kaina ƙishirwa za ta fito da ita yanzu. Na ce watakila barci ta yi a inuwa. Na ƙara yi wa kaina wa'adi, in na kai waccan dakwara ban gan ta ba zan kira. Na kai, na sa wata dakwarar a gaba.

Azahar ta gota kafin mu hangi Inna da jakinta. Ba ta bari na gama bayani ba. Ta saki igiya, ta hau tudu da tsufanta, ta kira sunan sau ɗaya, ta ja ƙarshensa. Wata ƙaramar murya ta amsa daga gungun kabar da na wuce ta gefensa sau uku. Daga baya na auna, taku arba'in ne tsakaninsa da aduwar da muka tsaya muna tura wa juna kiran sunan.

Tana kwance rub da ciki kamar yadda aka koya mata. Kabar gajera ce, ba ta da inuwar kirki. Leɓɓanta sun tsage, jikinta kamar tukunyar da aka sauke daga murhu. Inna ta ɗiga mata ruwa a baki, ta jiƙa zane ta rufa mata a kai. Da ta iya magana, ni ta duba.

"Baba, na ji ka. Ban motsa ba. Ba a kira suna ba."

Da alfahari ta faɗa, tana jiran a yaba mata. Inna ce ta yaba mata. Sa'an nan ta juyo gare ni, ta ce, "Ni ma na ji kunyar yayanka, ɗana na fari, Allah ya ji ƙansa. Amma da a bakin rijiya na gan shi, da duk garin ya ji sunansa." Ba ta sake tayar da maganar ba har ta bar duniya.

A ranar muka koma gida, yarinyar a kafaɗata, karo na farko. Zazzaɓi ya riƙe ta kwana tara. An yi jiƙo, an yi rubutun sha, ni kaina na rubuta da tawadar ƙaron da na samo a can. Ta tashi, Alhamdulillahi, amma jinta bai tashi tare da ita ba. Da farko sai an ɗaga murya take juyowa. Kafin damina ta faɗi, ko faɗuwar taɓarya ba ta ji.

Malamina ya ce ciwo daga Allah yake, irin wannan zazzaɓi yakan kama yaro ko a cikin ɗaki. Gaskiya ya faɗa, na kuma karɓa. Sai dai ni na san tsawon da ke tsakanin hantsi da azahar, na san abin da na riƙe a bakina a tsakaninsu.

Wata rana da rani ya zagayo, na same ta a bayan gida tana bin sawun buzuzu, bayanta gare ni. Ba kowa a kusa. Na kira sunanta. Na sake kira da ƙarfi, har matata ta leƙo daga madafa ta koma. Yarinyar ba ta juyo ba.

Na zaga gabanta na tsuguna, na share ƙasa da tafin hannu, na rubuta mata sunan da yatsa, harafi bayan harafi, da wasalinsa duka, na nuna ƙirjinta. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta sa nata yatsa ta bi layin, ta yi kuskure a harafi na biyu. Na share, muka sake.