Akushin da Na Kai Babu Komai Ciki

A ƙauyenmu, gefen Yankara, idan an gama girbi, Kaka kan hura wutar karan dawa a tsakar gida bayan an ci tuwo, mu kewaye ta muna gasa dankali tana yi mana tatsuniya. Kusa da ita kullum akwai tabarmar Iya Talatu, maƙwabciyarmu Bamagujiya, wadda suka yi shekara da shekaru suna aron gishiri da garwashi a tsakaninsu. Iya Talatu ba ta iya tatsuniya ba, amma ta iya dariya, kuma idan ba ta zo ba hirar ba ta daɗi.

Ina da shekara goma lokacin da kuɗin man fetur suka fara shigowa har ƙauye. Babana ya sami aiki wurin masu gina hanya, ya dawo da kwanonin samira masu furanni. Nan da nan ƙorai da akusa suka zama kayan kunya a idona. Aka tara su za a raba wa maƙwabta.

Kaka tana da yadda take ba da tsohon kaya. Ba ta aika shi haka kawai. Sai ta zuba wani abu ciki, a ce wa mutum ga ɗanɗano, kada ya wahala da dawo da mazubin. Ranar ta ɗauki baƙin akushinta, wanda Iya Talatu ta daɗe tana yabawa, ta cika shi da soyayyar gyaɗa, ta rufe da faifai.

"Saude, tahi ki kai ma Iya Talatu. Ki ce ta taɓa gyaɗa, ta bar akushin nan wurinta."

Ban tafi kai tsaye ba. Na biya bakin rijiya don in ba ƙawayena labarin samira, muka buɗe faifai, ɗaya-ɗaya har muka ga gindin akushi. Da na isa gidan Iya Talatu na tarar da mata suna sussuka. Ba ni da gyaɗar da zan ambata, sai bakina ya nemo wata magana. Na ɗaga murya na ce, "Kaka ta ce mun yi sabbin kwanoni, ga tsohon akushi, mu ba mu so."

Taɓarya ta tsaya. Iya Talatu ta goge hannu a zane, ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Madalla, ɗiyata. A gaishe ta." Wata mata ta yi 'yar dariya ta kau da kai.

Washegari jikar Iya Talatu ta dawo da akushin, an wanke shi, an shafe shi da man kaɗanya yana ƙyalli, cike da gujiya. Ta ce wa Kaka, "Iya ta ce gidanmu ba a mai da akushi ba komi ciki." Kaka ta dube ni sau ɗaya, ba ta tambaye ni komai ba.

Da aka hura wuta, an shimfiɗa tabarmar Iya Talatu amma babu kowa a kai. Kaka ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," ba ta ma jira mu amsa ba ta fara.

Wai gafiya ce ta haƙa sabon rami mai faɗi, ta ga tsohon ba shi da amfani. Bushiya kuwa aminiyarta ce, ruwa ya cinye mata ɗaki. A lokacin bushiya mai sakin fuska ce, kowa ya san dariyarta a daji. Maimakon gafiya ta ja ta gefe, sai ta hau kan suri ta yi shela: wa ke son ramin da na gaji da shi? Bushiya, zo ki shiga! Tsuntsaye suka ji, ƙadangaru suka ji. Bushiya ta yi godiya ta shiga, don ba ta da inda za ta kwana. Amma daga ranar, duk wanda ya matso kusa da ita sai ta dunƙule ta ɓoye fuska.

"To mi gafiya ta yi na laihi?" in ji ƙanena. "Ai kyauta ta yi."

"Kyauta ta yi," Kaka ta ce, tana tona wuta da kara. "Amma wanga rami da ta ba ta, da fuskarta bushiya ta biya."

Dankalina ya ƙone a toka ban ciro shi ba. Kunya ta hana ni ɗaga kai, kuma ta hana ni buɗe baki in ce ni ce na cinye gyaɗar, ni ce na ƙaga maganar. Kaka ta je gidan Iya Talatu da kanta da safe. Ban san abin da suka faɗa ba. Sun ci gaba da gaisawa ta kan darni, amma Iya Talatu ba ta sake zama a bakin wutarmu ba. Shekara biyu bayan haka ɗanta ya ɗauke ta suka koma wajen Ketare.

Na daɗe ina cewa ai yarinta ce. Sai da na girma na gane Kaka ta gwammace a ɗauka daga bakinta maganar ta fito da ta tona ni a gaban mata, ta rasa aminiyarta tana jira in faɗi gaskiya da kaina. Ban faɗa ba har Kaka ta rasu.

Kwanonin samirar nan duk sun yi tsatsa an zubar. Akushin yana ɗakina. Ran nan 'yata ta tara tsofaffin tukwane za ta kai wa maƙwabta, na sa ta zuba shinkafa a kowacce, na kuma raka ta har ƙofa. Kafin mu fita ta ɗauko akushin ta ce, "Mama, wannan fa, wa za a ba?" Na ce ta mayar da shi. Mai shi, Iya Talatu, ta riga ta dawo mini da shi.